Kamanja a Ƙofar Mangaza

Kwana uku ke nan da Alhaji Maman Lawali ya sallami dattijan da Mahadi ya turo neman auren 'yarsa Hikima, ko gahawar da aka zuba musu ba su shanye ba. Tun ranar Hikima ba ta ci abin kirki ba. Kamanjarta kaɗai take iya gaya wa abin da ke ranta, gogen nan na Turawa da take ɗorawa a kafaɗa tun tana 'yar shekara goma sha biyu, wanda yanzu take koyar da shi a wata makarantar 'yan mata.

La'asar ce sakaliya a Balad, tsohuwar unguwar birnin Jidda. Rana na shigowa ta ramukan roshan, tagogin katakon nan na tsofaffin gidaje, tana zuba a daɓe kamar an watsa tsabar zinariya. A wannan gidan Ustaza Ruba, wata dattijuwa makaɗiyar piyano, take shirya haflarta, wato taron kiɗa, ta kowace Laraba. Mako shida ake yi, kowane mako a fito da sabon mai rubuta kiɗa wanda ba a san shi ba tukuna, matasa su kaɗa abin da ya rubuta a gaban jama'a. Wanda nasa ya fi, a tura shi Alƙahira karatun shekara biyu. Jiya aka yi ta biyar. Ta ƙarshe ta Mahadi ce, ita suke bita yau.

Hikima ta lumshe ido, ta ja baka a kan tsirkiya.

Kiɗan ya fara a hankali, kamar mace na ɗaga taɓarya tana tsoron damun maƙwabta. Sai babbar kamanjar ƙawarta Rana, wadda ake jinginawa a gwiwa, ta amsa daga ƙasa, piyano ya shigo yana ɗiga kamar yayyafi. A unguwar Ammariyya ta nan Jidda aka haifi Hikima, ba ta taɓa taka Damagaram ba. Amma duk sanda ta kai tsakiyar kiɗan nan sai ta ga garin iyayenta a buɗe: jan rairayi, manyan duwatsu jingine da juna, da wata tsohuwa a gindin bishiya tana yafuto ta da hannu.

"Halas, ya isa," in ji Ustaza Ruba, ta ɗage hannu daga piyano. "Hikima, habibti, kiɗanki ya yi kyau, amma hawaye yana lalata katako."

Sai a lokacin Hikima ta ji danshi a kumatunta.

Mahadi na tsaye a ƙarshen ɗakin cikin shuɗiyar rigar aiki. Kai tsaye ya taho daga Madinar Masana'antu, unguwar kamfanoni ta kudancin gari, inda yake tuƙa motar ɗaga kaya a wata mangazar ajiye tayil. A can yake rubuta notocin kiɗansa lokacin hutun azahar, yadda wani malami ya koya masa a Yamai kafin neman abinci ya kawo shi Jidda. Da aka tashi ya tare ta a kan matakala, ya tsaya hawa biyu ƙasa da ita, idonsa a kan takalmansa.

"Babanki ya aiko a kira ni. Gobe bayan Juma'a."

Ta tsaya cak. "Abuya? Me kuma ya rage da zai gaya maka?"

Ba ta manta abin da mahaifinta ya faɗa ran nan ba, ta jiyo shi daga bayan ƙofa. Wai kakan yaron nan a ƙofar gidansu na Damagaram yake durƙusawa da kotso a hammata, yana yi wa mahaifin Alhajin kirari a jefa masa goro. Wai jikan maroƙi ba zai zauna a tabarmarsa da sunan suruki ba.

"Ko me zai ce, zan je," in ji Mahadi. "Ko zagi ne, zan ɗauka da hannu biyu. Hikima, ni ban iya komai ba sai abu biyu a duniyar nan. Kiɗan nan, da sonki."

"To ka riƙe su duka biyun," ta ce.

Ya yi murmushi, ya ba ta hanya ta wuce.

A bakin lungu motar Rabi'u ke jira. Ɗan ƙanwar mahaifinta ne, Goggo Mariyamu, yana da ofishin gyaran takardu a unguwar Bagdadiyya, kuma shekara uku ke nan yana jiran ta ce e. Tun da abin nan ya faru, Alhaji ya ce shi zai riƙa ɗauko ta.

Ta shiga, suka kama hanya. Sai a wajen danja ya numfasa.

"Kin sake kuka."

"Kiɗa ne, Yaya Rabi'u."

"Na sani. Shi ne abin da ya fi min ciwo. Ni da na taso tare da ke, na goya ki a baya zuwa bakin teku, ban taɓa sa ki hawayen daɗi ba. Shi da 'yan takardunsa kawai ya yi." Ya juyo ya dube ta. "Ba zan hana ki kamanja ba, wallahi. Ɗaki guda zan ware miki. Amma ki yi tunani, iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar nan, ta lebura ce. Ranar da kafilinsa, ubangidan da ya tsaya masa, ya gaji da shi, ina zai kai ki?"

Ta jingina kanta da gilashi tana kallon shaguna suna wucewa kamar a ruwa. Har yanzu kiɗan bai bar kunnenta ba.

A gida ta tarar da mahaifiyarta, Hajiya Rakia, zaune a bakin gadonta, idanu sun kumbura.

"Zo nan, ya binti, zo 'yata."

Hikima ta ajiye akwatin kamanja, ta durƙusa ta ɗora kai a cinyarta.

"Kwana uku ina roƙon mahaifinki," in ji Hajiya Rakia tana shafa kanta. "Na yi kuka, na yi fushi, na haɗa shi da girman Allah. Ya sauko kaɗan. Gobe zai faɗi sharaɗinsa. Abu ɗaya nake roƙonki, kome kika ji, kada ki buɗe baki."

"Wane sharaɗi, Ummi?"

"Ni ma bai gaya min ba."

"Ummi, me Mahadi ya yi? Ya taɓa sata? Ya taɓa barin salla? Ni ma ai kiɗa nake yi, Abuya da kansa ya saya min kamanjar farko."

"Naki karatu ne, aikin makaranta ne. Haka yake gaya wa mutane, haka yake gaya wa kansa." Ta share ido da gefen mayafi. "Ke ba ki san zaman nan ba, Hikima. Shekara talatin da biyar muna garin nan. Shagon turarensa da sunan wani yake. Gidan nan na wani ne. Takardarmu kanta duk shekara sai an sabunta mana. Ya ce min, Rakia, komai nawa a ƙasar nan aro ne, asalina kaɗai ne nawa. Shi kike so ya ba da?"

"Ni ba asalinsa ba ce, Ummi? Ni ba tasa ba ce?"

Hajiya Rakia ta fashe da kuka, Hikima ta taya ta. Suka daɗe a haka har aka kira magariba.

Washegari bayan an sauko daga masallaci, majalisar Alhaji ta cika da ƙamshin turaren wuta. Hikima na bayan labule, mahaifiyarta riƙe da hannunta gam. Ta wata 'yar kafa take hango Mahadi durƙushe a bakin kafet cikin farar jallabiya, Rabi'u kuwa yana gefen kawunsa.

"Na bincika," in ji Alhaji Maman Lawali. "Ba a same ka da mugun hali ba. Saboda haka zan yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Ka bar kiɗa. Ka bar shi gaba ɗaya, rubutawa da kaɗawa. Zan sa a mayar da kafalarka shagona, ka koyi turare, in aka tambaye ni wane ne surukina in ce ɗan kasuwa ne. In ka yarda, na ba ka Hikima."

 Hikima ta damƙe labulen. A ranta tana cewa, ka ce a'a, Mahadi. Ka roƙe shi, ka yi kuka, amma ka ce a'a.

Mahadi ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago, fuskarsa ta zama kamar ta wanda ya dawo daga maƙabarta.

"Na yarda, Baba."

Ba ta san sanda ta fizge hannunta ba. Sai ganinta aka yi a tsakiyar majalisa, ta zube a gaban mahaifinta.

"Abuya, ku gafarce ni. Ni ban yarda ba."

"Hikima!" mahaifiyarta ta kira daga bayan labule.

"Me kika ce?" in ji Alhaji. "Ba shi kike wa kuka ba? Ga shi na ba ki."

"Ba shi kuka ba ni ba, Abuya." Hawaye na zuba, ba ta damu da sharewa ba. "Wanda nake so, in ya ji ƙarar ƙofa sai ya tsaya yana saurare. In ana zuba shayi yana jin wani abu a ciki da mu ba ma ji. In kuka cire masa wannan, wa za ku kawo min gida? Zai zauna yana auna turare, kullum in ya dube ni ya tuna abin da na ci masa. Shekara ɗaya, biyu, sai ya tsane ni bai sani ba. Gara ku hana ni shi yana raye da ku ba ni shi a mace."

"Hikima," in ji Mahadi a hankali. "Duk abin da na mallaka na ajiye a gaban Baba saboda ke. Shi kika tsallake?"

"Ni ban roƙe ka ka ajiye ba."

Alhaji ya miƙe tsaye.

"Ya isa! A gaban baƙi kike mayar min da magana?" Ya juya ga Mahadi. "Kai, maganata tana nan. Ranar Laraba in aka kaɗa abin nan naka a gaban mutane, ka manta hanyar gidana. In ba a kaɗa ba, ran Alhamis ka turo mutanenka. Ita kuwa za ta huce. In ba ta huce ba, ga Rabi'u nan, shekara uku yana haƙuri."

Rabi'u bai ɗago kai ba. Mahadi ya yi sallama ya fita, bai kalle ta ba.

Asabar da Lahadi suka wuce mata kamar a mafarki. Ta kira wayar Mahadi har ta gaji, a kashe. Ran Litinin da rana, tana tashi daga makaranta, ta ce Rabi'u ya kai ta Balad. Ta tarar da Ustaza Ruba zaune a gaban piyano a rufe, da wata takarda a hannunta.

"Ya janye," in ji dattijuwar. "Jiya ya aiko. Layi uku kawai, godiya da neman afuwa. Shekara arba'in ina harkar nan, habibti, irinsa ba su fi uku na gani ba."

"Mu kaɗa ko ba ya nan, Ustaza. Na haddace shi, Rana ma ta haddace."

"Ba a kaɗa kiɗan mutum ba da izininsa ba. In bai zo da bakinsa ya ce ya yarda ba kafin gobe da yamma, dole in sanar an fasa."

Hikima ta sauko matakala da akwatinta a rungume. Ta buɗe motar ta zauna.

"Yaya Rabi'u, kai Abuya ya sa ka yi bincike a kansa. Ka san inda yake aiki."

"Na sani."

"Ka kai ni."

Ya dafa sitiyari. Sannan ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Ni za ki ce in kai ki wurinsa? Ko kunyata ba kya ji?"

"Ina ji. Amma ba ni da wanda zan roƙa sai kai."

Ya tayar da motar. "Tayyib. Mu je ki ga inda za ki ƙare, wataƙila idonki ya buɗe."

Suka bi hanyar kudu. Gidaje suka ƙare, dogayen katangu da rumfunan kwano suka fara, manyan motocin kaya na wucewa suna girgiza ƙasa. Zafi na tashi daga kwalta har komai ya zama kamar yana iyo. A ƙofar wata mangaza Rabi'u ya tsaya. Ciki, tsakanin tulin kwalaye, ta hango shuɗiyar riga a kan motar ɗaga kaya.

Ta fita. Ta gyara abayarta, ta buɗe akwatin a kan murfin mota, ta ɗora kamanja a kafaɗa.

"Me za ki yi?" in ji Rabi'u. "Hikima, a nan?"

Ta ja baka.

Da farko ƙarar injuna ta haɗiye ta. Sai wani lebura ɗan Chadi da ke shan ruwa a bakin ƙofa ya sauke gorarsa. Wani ya taɓa na kusa da shi. Ɗaya bayan ɗaya suka fito suna goge zufa, suka tsaya a inuwar katanga. Motar ɗaga kaya ta yi shiru.

Mahadi ya sauko, ya tako har bakin ƙofa, ya tsaya ya harɗe hannu. Ya rame. Ya kawar da kai gefe kamar bai san ta ba.

Ta kaɗa farkon yadda ya rubuta shi, a hankali. Da ta kai tsakiya, inda kiɗan ke sauka ya kwanta, sai da gangan ta ɗaga shi sama, ta ƙara masa sauri, ta yi masa ado irin na bikin aure.

Ya runtse ido kamar an taka masa ƙafa.

Ta koma ta maimaita wurin, ta ƙara ɓata shi.

Yatsunsa suka fara motsi a kan damtsensa. Ta sake komawa karo na uku.

"A'a!" Muryarsa ta fito da ƙarfi har leburorin suka juyo. Ya tako da sauri ya tsaya a gabanta. "Ba haka ba ne! Wa ya ce ki hau a nan? Sauka za ki yi, ki ja shi, ki bar shi ya numfasa kafin ki taɓa na gaba. Ga shi." Ya ɗaga hannu yana zana shi a iska, yana rera shi da hanci, idonsa a rufe.

Ta bi hannunsa. Kiɗan ya sauka, ya kwanta, ya miƙe a kan kwaltar mai zafi kamar ruwan sanyi.  Hikima ta daina ganin katangun da motocin, hannun nan kawai take gani yana hawa yana sauka, tana binsa kamar tsuntsuwa a bayan iska. Haka suka tafi tare har ƙarshe.

Da tsirkiya ta yi shiru, ya buɗe ido, ya dubi hannunsa da ke sama. A hankali ya sauke shi. Hawaye suka gangaro masa.

"Da gangan kika yi," ya ce.

"Kai ne ka ce ka bari," ta ce, tana kuka tana dariya. "Kwana uku ma ba ka iya ba, Mahadi. Shekara arba'in kake so ka yi min alkawari?"

"In aka kaɗa shi ran Laraba na rasa ki."

"In ba a kaɗa ba ma ka rasa ni. Ka zaɓi wadda za ka iya ɗaga kai bayanta."

Ya buɗe baki zai yi magana, sai suka ji takun Rabi'u. Yana riƙe da wayarsa a tafin hannu, fuskarta na haske.

"Kawu ne," ya ce. "Ni na kira shi tun kina buɗe akwati. Na ce ya saurari abin da 'yarsa ke yi a bakin titi." Ya miƙo mata wayar. "Na zaci zai yi ihu ya kashe. Bai kashe ba. Tun daga farko har ƙarshe yana kan layi, bai ce komai ba."

Hikima ta ajiye kamanjar. Ta karɓi wayar da hannu biyu, ta kai kunne.

"Na'am, Abuya."

 Numfashinsa kawai take ji, mai nauyi, yana shiga yana fita. Can ya yi gyaran murya, ya sake yi, kamar mai ɓoye kuka.

"Yaron nan yana kusa da ke?"

"Yana nan, Abuya."

"Ba ni shi."

Ta miƙa wa Mahadi. Ya dubi wayar, ya dubi tafin hannunsa da ya yi baƙi da man inji. Ya goge shi a gaban rigarsa, ya sake gogewa. Sannan ya durƙusa a kan kwaltar, a gaban abokan aikinsa duka, ya karɓa.